Gaisuwa a Kan Takalmi Mai Taya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da wata Juma'a a shekarata ta uku a Alƙahira, ranar da na gai da malamina a kan taya takwas.

Abokin ɗakina a unguwar Hayyu Sabi', wani Basudane mai suna Usama, shi ya ja ni. Yana da irin takalman nan masu tayoyi a jere, kullum yana tsokanata wai mu 'yan Arewa ba abin da muka iya sai zama a tabarma. Na ce in Allah Ya yarda sai na ƙaryata shi. Duk Juma'a bayan la'asar mukan hau maikurobas, ƙaramar motar hayarsu, zuwa bakin kogin Nilu ta ɓangaren Giza, inda akwai wata shimfiɗaɗɗiyar hanya ta masu tafiya a ƙasa, sumul, ga iska. Wata biyu ina faɗuwa ina tashi. Ƙa'idojin da yake gaya mini ma rubuta su nake da ajami a bayan littafin nahawu, don kada wani ya karanta ya yi mini dariya. Tafiya dai na iya. Tsayawa ce na ce sai wani mako (Allah Ya yafe mana jinkiri).

A kwanakin ne Malam Haruna ya zo neman maganin ido. Aminin mahaifina ne, shi ya ɗora ni a karatu, kuma mahaifina ya ba shi amana: ya duba masa ko karatu nake ko shiririta, don an fara kai masa surutu har yana maganar in koma gida. Mun yi da Malam zan je masaukinsa Asabar. Ban san likita ya ce ya riƙa fita shan iska ba.

Ina tafe, jallabiya a tattare, sai na hango babbar riga da sanda a jikin ƙarfen bakin ruwa. Malam ne, idonsa ɗaya a rufe da auduga. Usama ya raɗa mini in sunkuyar da kai in wuce, ba zai gane ni ba. Na so in bi shawarar. Amma mutumin da ya riƙe hannuna na rubuta bisimilla ta farko, in wuce shi kamar baƙo? Na ce a raina ko za a mayar da ni gida, sai na gaishe shi yadda aka koya mini.

A gidanmu ba a gai da babba a tsaye, ba kuma da takalmi. Takalmin dai ba zai ciru ba, igiya da maɗauri uku. Saura durƙuso. Na durƙusa.

Abin da ban lissafa ba, birkin a dunduniya yake, mai tsugune ba ya iya taka shi, hanyar kuma tana da ɗan gangare. Haka na wuce ta gabansa a tsugune, hannu bisa gwiwa, ina cewa, "Allah gafarta Malam, barka da yamma." Kafin ya waiwayo na yi nisa.

Na kama fitilar hanya, na juyo, na hauro da kyar, na sake durƙusawa. Wannan karon na samu na tambayi gajiya. A zagaye na uku na tambayi mutanen gida. Zuwa lokacin masu shan shayi a kan benci sun fara tafi, wani dattijo yana ta zuga ni da Larabci, "yalla, ya shaikh". Ni kuwa gumi har idon sawu, amma saura ban tambayi jikinsa ba.

A na huɗu Malam ya miƙo kan sandarsa ya maƙalo wuyan jallabiyata. Na zauna daɓas a gabansa, tayoyi suna ta juyawa a sama. Ya daɗe yana kallona da ido ɗayan, sannan ya ce, "To ƙarasa, ɗana. Jiki da sauƙi."

Asabar ya sa ni karanta babi biyu a gabansa, bai ta da maganar ba ko sau ɗaya. Sai da ya koma gida mahaifina ya kira ni yana dariya har da tari. Wai Malam ya ce a bar yaro ya ƙarasa karatunsa: ladabin da aka tura shi da shi yana nan, gudu kawai ya ƙara.

Tun daga ranar, duk abin da zan hau, ko keke ko magana, sai na fara tambayar yadda ake tsayawa.