Yadda Ake Sa Nashville Kuka da Waƙar Alfadara

Kai mai jita, matso kusa. Ni ne Virgil Stamper, na tsufa ina jan goge a bayan mawaƙan Nashville, birnin masu waƙa da jita, kuma ga alkawarina: ka bi matakan nan, kafin a girbe taba waƙarka za ta sa direbobin manyan motoci su faka a gefen titi su sha kuka. Na gwada su a kan Dewey Tackett, ɗan garinmu, sun yi aiki fiye da yadda ya so.

Mataki na 1: Ka rasa wani abu, kome ƙanƙantarsa

Waƙa ba ta son mai kwanciyar hankali. Matsalar Dewey ke nan: uwarsa na raye, bai taɓa kwana a gidan yari ba, ga matarsa Lurleen tana son sa kamar ta haɗiye shi.

"Virgil, me zan rera?" in ji shi. "Ko ciwon haƙori ban taɓa yi ba."

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Allah zai kawo maka taka masifar."

Ta kuwa zo. Alfadararsa Opal ta karya shinge ta tare a gonar maƙwabci, don ciyawar can ta fi daɗi. Babu irin kiran da bai yi ba, ko waiwaye.

Mataki na 2: Faɗi gaskiya, ka ɓoye kunnuwa da wutsiya

Dewey ya rera cewa da hannunsa ya ciyar da Opal, yana gane tafiyarta tun daga nesa, yau ga ta a gidan wani tana yi masa kallon baƙo. Ina ƙarya a nan? Akwai baitin da ya ce ta harbe shi a ƙirji. Na ce kada a taɓa shi, kowa ya fahimci irin harbin da ya ga dama.

Lurleen ta ji waƙar tana tuyar kaza, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Mai kamfanin faifai kuwa da ya ji ta, sai da ya nemi aron hankici.

Mataki na 3: Koyi shiru a gidan rediyo

Waƙa rabi ce, labarinta ne sauran rabin. Idan mai gabatarwa ya ce, "Wace ce Opal?" kada ka yi gaggawa. Cire hula. Dubi takalminka. Ja numfashi yadda za a ji shi har jihar Kentucky.

Nan na ce wa Dewey ya tsaya. Amma shirun ya yi masa daɗi, sai ya ƙara da nasa: "Ita ce ta farko a zuciyata. Duk wadda ta biyo baya, haƙuri kawai muke yi da juna."

Faifai ya ƙare a kanti kafin Lahadi. Ka ga aiki?

Mataki na 4: Duk wadda ta ce ita ce, kada ka musa

A cocinsu akwai Mis Opal Hensley, mai kaɗa fiyano, wadda ta girmi uwar Dewey kuma ba ta taɓa aure ba. Ranar Lahadi ta shigo da jan-baki, karo na farko a tarihin garin. Ta tare shi a bakin ƙofa ta kama hannunsa.

"Yaro, da ka yi magana tun da wuri."

Matan coci kuwa suka yi jerin gwano gidan Lurleen, kowa da kwanon abinci kamar an yi rasuwa. "Sannu, 'yar'uwa. Ashe haka kika zauna shekaru, ke ce ta maneji?"

Wannan shi ake kira talla kyauta. Ka ci abincin, yana da daɗi.

Mataki na 5: Shawo kan uwargida

Gaskiya wannan matakin har yanzu ana bincike a kansa.

"Dewey Tackett," in ji Lurleen, "ni ce ake haƙuri da ni? A kan dabbar da ta cinye mini wake a lambu?"

"Haba Lurleen, sana'a ce kawai."

"Koma rediyon ka faɗa musu."

"Mai kamfani ya ce ranar da na faɗa, ranar waƙar za ta mutu."

"To zaɓi wadda za ka binne, waƙar ko auren."

Ya zo wurina da filo a hammata. Na ba shi shawarar masana: ya ja lokaci, fushin mata kamar ruwan bazara ne. Ya koma kwana a rumbun taba yana jiran ya ɗauke.

Mataki na 6: Idan gaskiya ta hau dandamali, ci gaba da kiɗa

Ranar baje kolin amfanin gona, rana tsaka, jama'a cike da fili. Dewey na kan dandamali yana rerawa ina ja masa goge, ya kai baitin harbi, mata na share ido, Mis Hensley a layin gaba ta dafe ƙirji. Sai na ji ƙwas-ƙwas a kan katako. Lurleen ce da rigar zuwa coci, riƙe da igiya.

Ta karɓe makirfon. "Jama'a, ga Opal. Ku gaisa."

Kowa ya juya ya dubi dabbar. Alfadarar ta dubi Dewey, ta buɗe baki ta saki kuka, na rantse a daidai muryar waƙar. Wani tsoho ya faɗo daga kan benci. Dariya ta ɓarke har masu sayar da masara suka bar rumfa. Mis Hensley ta miƙe ta ce ita dama tun farko ba ta ga abin so a jikinsa ba.

Lurleen ta juyo gare ni. "Virgil, ja gogen nan, ina da amsa."

Na ja. Ta rera yadda mace ke wanke wa namiji riga, shi yana can jikin shinge yana yi wa dabba kuka. Matan da suka yi dariya suka koma kukan gaske, kowace na hararar nata mijin. Dewey ya tsaya da hula a hannu, kunnuwansa jawur. Da ta kai amshi na biyu, sai ya matso a hankali ya ɗora mata murya. Ba ta kore shi ba. A ranar ya koma ɗaki.

Sanarwa

Marubucin ba shi da hannu a duk abin da ya same ka: kwanan rumbu, jifa da kasko, ko gaba da mai fiyano. Bai san ka ba, bai taɓa ganin jitarka ba. Mai ƙorafi ya same ni a motar yawon waƙa ta Lurleen Tackett, wadda sunanta ke jiki da manyan haruffa. Kada dai ka dami direban da surutu. Dewey ne, kuma uwar ɗakinmu ba ta son a makara.