Jakar Boka a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je neman aure da kwaɗo a jaka. Hutun damina ne, shekarar da aka gama yaƙin basasa, ina shekarata ta farko a jami'a. A lokacin ba a barinka ka zaɓi fanni guda. Ilimin sinadarai, da na tsirrai, da na dabbobi, da na duwatsu, duk a kan mutum ɗaya. Kowane malami kuma ya ɗauka nasa kaɗai kake karantawa. Da za mu tafi hutu, wannan ya ce mu kawo ganyaye, wancan ya ce duwatsu, ɗaya ya ce ruwan rafi a kwalba, na dabbobi ya ce duk abin da ke motsi.

Ni kuwa abin da ya dame ni a gida, can Mubi, daban ne. Rifkatu ce, 'yar Baba Tumba, dattijon coci a Gella, mutumin da ko laya ya gani a wuyan akuya sai ya yi wa'azi. Akwai wani malamin firamare mai albashi da ke zawarcin gidan, don haka wannan gaisuwa ita ce damata.

Kawuna Vandi ya riga ni tafiya, na biyo a keke da jakar kayan gaisuwa: goro, sabulu, gishiri, turmin atamfa. Da na zo tsallake mayo, wato rafi, sai na ga duk aikin hutuna a wuri ɗaya. (Wai ni mai dabara, zan jefi tsuntsu huɗu da dutse ɗaya.) Na tsinci duwatsu, na tsinko ganye har da saiwa, na cika kwalba da ruwa, na damƙe wani ƙaton kwaɗo na ƙulle a hankici. Na ɗora su a saman atamfa, da niyyar in ɓoye a bayan gida kafin in shiga.

Ina isa, Kawu ya fizge jakar daga keke. “Ka makara! Shiga, ka sa kai ƙasa.”

A al'adarmu mai neman aure ba ya buɗe baki gaban surukai, kawunsa ke magana. Ina durƙushe ina gumi aka buɗe jakar gaban dangi. Duwatsu suka fara fitowa. Kawu, Allah ya jiƙansa, bai ko girgiza ba.

“Wannan alama ne,” in ji shi, “yaron mu yana da ƙarfi kamar dutse.”

Saiwa ta biyo. Ya ce auren zai yi jijiya. Da kwalbar ruwa ta fito sai muryarsa ta fara sauka. Sannan Baba Tumba da kansa ya kwance hankicin. Kwaɗon ya dube shi, ya dira cikin ƙwaryar kunu.

Mata suka watse da ihu. Baba Tumba ya miƙe. “Vandi, aure kun zo nema ko asiri kun kawo wa yarinya na?”

Na karya al'ada na ce, “Baba, karatu ne. Kimiyya huɗu nake yi.”

“Huɗu? Boka ma haka yake haɗawa. Je ka zaɓi ɗaya, ka gama, ka dawo mu ga wane irin mutum ne kai.”

Kunyar da na ji ranar, da ƙasa ta tsage da na gode mata. Na zaɓi sinadarai, don su ba sa tsalle. Rifkatu ta jira ni, ko da yake har yau idan na dawo da jaka sai ta ce in zazzage ta a waje. Kakarta kuwa har ta rasu ba ta yarda da zancen kimiyya ba, kullum sai ta ja ni gefe ta ce in taimaka mata da maganin ciwon baya.

An ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni huɗu na cusa, kuma a gaban surukai na shaƙe.