Atisayen Teku a Kududdufin Shanu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na tara wa kaina mutanen ƙauyenmu kaf ba, can wajen Sule Tankarkar. Lokacin ina digirin digirgir kan kamun kifi a teku (e, ni ɗin nan da ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba). An sa mu a wani shirin horar da ɗalibai don aiki da kamfanonin jiragen ruwa, amma da sharaɗi: sai ka ci gwajin faɗawa ruwa da rigar ceto. In ka kasa, ba mai ɗaukar ka. Tsoro ya hana ni sakat.

Da na zo hutu, ban gaya wa kowa tsoron da nake ji ba, don Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya riga ya cika kasuwar Maigatari da labarin ɗansu masanin teku. Sai na cusa rigar ceton da aka ba mu a buhu don in yi atisaye a ɓoye, na sulale bayan Azahar zuwa kududdufin da ake shayar da shanu.

Na bi ƙa'ida tiryan-tiryan yadda aka koya mana. Na toshe hanci, na daka tsalle, na kwanta rigingine. Bayana yana gugar laka, amma ban damu ba. Saura matakin ƙarshe, wato busa usur ɗin da ke jikin rigar don neman agaji. Na busa iya ƙarfina, na kuma.

Duk karatuna, na manta a garinmu ba a busa usur sai in 'yan sintiri sun hango ɓarayin shanu.

Kafin in farga, gari ya fito, masu gora, masu adda, wasu a kan babura. Suka kewaye kududdufin. Ga ni kwance da usur a baki, cikin ruwan da ko cinya bai kai ba. Kawu ne a gaba yana haki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Dokta, za ka iya tashi, ko mu shigo mu cece ka?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar gwajin a Legas, na isa bakin ruwan na ja da baya. Sai na tuna in na kasa, wurin mutanen nan zan koma ba aiki. Ban san lokacin da na faɗa ba, kuma na ci. Tun daga ranar na daina yi wa kaina kallon jarumi. Ashe ba tsoron ruwa na daina ba, dariyar 'yan garinmu ce ta fi shi ban tsoro.