Rasuwar Gwaggo da Koriyar da Ta Gaje Ta

Da zuciya mai nauyi, da ido ɗaya a buɗe, ni direban bas ɗin ma'aikatarmu nake sanar da rasuwar uwar ɗakina, wadda kowa ya sani da Gwaggo. Ta rasu, in ji kwamitin saye-saye, bayan wata rashin lafiya da ni mai wuni da ita ban taɓa gani ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki akawu, ta ɗauki masinja, ta kai matar mai gadi asibiti ranar da naƙuda ta kama ta, ba ta taɓa tambayar kowa matakin albashinsa ba. Da safe sai ta yi gyaran murya, gir-gir-gir, tuf, sannan ta tashi. Tana da hayaƙi, wannan ba zan ɓoye ba, amma wane dattijo ne ba ya tari?

Ciwon ajalin ya shigo ne a cikin umarni daga sama. Aka tara mu, Darakta ya karanta da Turanci, ya fassara mana cewa daga yau gwamnati ba za ta sayi kaya ko ta ba da kwangila ba sai a kan abin da ba ya cutar da muhalli. "A taƙaice dai," in ji shi, "komai sai kore." Muka tafa. Ni da zuciya ɗaya na tafa, don ina da jika mai asma, na san abin da hayaƙi ke yi wa ƙirji.

Washegari kwamiti ya zo duba Gwaggo. Ba su buɗe injin ba, ba su tayar da ita ba. Jami'in saye-saye ya zagaya ta da hankici a hanci, alhali a kashe take, ya ce ta gama yawo. Bakanikenmu ya ce, "Ranka ya daɗe, salansa ce fa kawai, a canza ta shi ke nan." Aka ce masa ba a kira shi ba. Wai gawa ce, amma da ƙafarta ta fita daga harabar, wani ɗan kwangila yana tuƙa ta har da sa giya ta huɗu. Ɗan kwangilar nan kuwa surukin jami'in saye-saye ne. Daga nan na fara kallon kowa da gefen ido.

Ba a jima ba aka kawo magajiyarta, da jawabi da masu ɗaukar hoto. Koriya shar har ƙafafu, an zana mata ganye a gefe. Na ja ƙofar direba, ta ƙi buɗewa. Ban san lokacin da gwiwata ta dungure ta a ƙasan mariƙi ba, sai ga ta ta buɗe. Mota ɗaya ce a duniya mai wannan hali. Na zauna, kujera ta karɓe ni daidai ramin da na yi shekaru ina haƙawa. Na sauka na leƙa ƙasa, ko salansar ba su taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na sami Darakta na ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo ce fa."

Ya ce, "Malam direba, Gwaggo fara ce. Wannan wane launi ka gani?"

Na ce, "Kore."

Ya ce, "To ka gani."

A makon nan aka tura bakanike wani reshe mai nisa. Aka kuma ce sabuwar mota sai direban da ya san tuƙin zamani, aka kawo ƙanen matar ɗan kwangila, ni aka ce in zauna a bencin bakin ƙofa in jira umarni. A kan bencin ne na gane fassarar Darakta ba kuskure a cikinta. Komai sai kore: mota a kore ta da fenti, mai baki a kore shi da takarda. Tawa ba ta fito ba tukuna, ga shi saura ƙiris in yi ritaya, fanshona kuma a hannunsu yake.

Marigayiya ta bar tayar ko-ta-kwana, da jarkar ruwan lagireto, da tsumman goge gilashi, da ni.

Jana'iza ba za ta yiwu ba, domin mamaciyar tana fita aiki kullum. Za a yi zaman makoki a kan benci, daga safe zuwa lokacin tashi, har ranar da za a yanke hukunci a kaina. Ana roƙon masu ta'aziyya, idan ta zo wucewa, su toshe hanci su kawar da kai, kada kowa ya gaishe ta da sunanta. Duk mai iyali ya ce sabuwa ce. Ni ma in aka sake tambayata haka zan ce. Gwaggo, ki yafe mini.