Rasuwar Kore, Shafinmu na Intanet

Da zuciya a karye, cike da baƙin ciki, ni Nuala Geraghty, sakatariyar ƙungiyar 'yan Ireland mazauna Kathmandu, babban birnin Nepal, nake sanar da rasuwar tsohon shafinmu na intanet, wanda muke kira Kore. Ya rasu watan jiya yana da shekara ashirin da ɗaya.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, marigayin ba shi da kyau. Korensa har ido yake sa wa hawaye, ga nawa, sai ka dafa shayi ka dawo bai gama buɗewa ba. Da ya buɗe kuma sai ya sake maka goge, ƙiiii-ƙi-ƙi, ko kana tsakiyar ofis. Amma bai taɓa zubar da abin da aka ba shi ajiya ba. Can ƙasa, bayan bayanin gasa burodin gida, akwai jerin da marigayiya Sista Breda ta haɗa: sunaye da lambobin mutum talatin da huɗu masu jinin O negatif. A gida Ireland wannan jini ba abin wahala ba ne. A nan kuwa sai ka zaga gari ba ka samu leda ɗaya ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a taron kwamiti, ranar da shugabanmu Fintan ya ce, "Haba jama'a, wannan abu ai labulen kakata ne. 'Yan Scotland ma dariya suke mana." Aka ɗauko masu gyara. Suka duba, suka ce shekara tara ba wanda ya leƙa jerin Sista. Fintan ya ce, "Nuala, a zubar?" Ina tauna biskit na ce, "Zubar mana." Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Ya rasu ya bar magaji, sabon shafi fari fat, mai saurin buɗewa, ɗauke da hotonmu muna murmushi. Ya bar Fintan, wanda yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Ya kuma bar mijina Malachy, kwance a asibiti tun Laraba, ana neman jinin O negatif leda huɗu kafin a yi masa aikin zuciya ranar Litinin. Ɗaya aka samu.

Na kira masu gyaran, suka ce, "Madam, an goge, ke kika sa hannu." Na matse ƙwaƙwalwata na tuno suna uku daga jerin: biyu sun koma Cork can gida, ɗayar ta haura shekara saba'in, ta wuce ba da jini. Malachy ya ce, "Ke dai daina kukan nan. In sun rasa, su ɗura min baƙar giya, jikina ya san ta." Na yi dariya don ya ji daɗi, amma ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a ɗakin ɗibar jini na asibitin da ke bayan cocinmu. Kada a kawo fure. A karon farko a tarihin ƙungiyar nan, makoki ne ba giya, tun daga ranar Juma'a. Duk wanda Sista Breda ta taɓa tsarewa a ƙofar coci ta tambaye shi jininsa, ya san kansa. Ku karya kumallo, ku naɗe hannun riga, don Allah ku zo. Malachy Geraghty, gado na shida.