Babban Yatsan Jidda

"Lahiya lau, Tsoho. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina hanya, ina zahin rana? Ƙaƙa kinka baro mutanen Maradun?"

"Duk lahiya, suna gaishe ka."

"Har da shi?"

"Shi na ma kan gaba wurin gaisuwar."

"To ki mai da mai abinai, ban karɓa ba."

Haka Baba ya tarbi jikarsa Jidda ranar Alhamis da la'asar, ana jibi zaɓen shugaban ƙasa. Ni Hindu, autarsa, ina bakin zaure ina tsintar shinkafa, don haka a kunnena aka yi komai. A gidanmu na Bakura, tun ina ƙarama, duk zaɓe sai an taru a zauren Baba ya faɗi inda za a dangwala, kowa ya ce to. Bana ne Jidda za ta fara jefa ƙuri'a, sai yarinyar nan ta tsallake zauren ta tafi Maradun wurin ɗaya kakan nata, Malam Mas'ud, wanda ya haifi uwarta. Tun da ta tafi Baba ya daina cinye tuwonsa. Ranar Talata ma da kansa ya hau mota zuwa kasuwar Mafara, ya sayo lalle da turare, ya ba direba ya kai mata har can, don kawai Malam Mas'ud ya gani ya ji haushi. Kishi ne tsagwaronsa, amma wanda ya faɗa masa haka zai sha sanda.

Jidda ta zauna gefen tabarma, hannuwanta cikin hijabi.

"Amarya," in ji Baba, "ashe yaji kinka yi ban sani ba?"

"Wane yaji? Miji nit tahi dubawa. Wanda nika da shi nan ya tsuhwa, goro ma sai an daka mai."

"Wancan na Maradun hwa? Mutumin da in za shi tashi sai ya kama bango ya kira sunan Allah?"

"Ya hi ka haƙora."

"Na aro na. Hwaɗa min gaskiya, wa yac ce ki zaɓa?"

"Sirrin miji da mata na. Kai wa za ka ce?"

Abin da yake jira ke nan. Ya gyara zama, ya ture butarsa gefe.

"Dattijo za ki zaɓa, wanda anka san ubanai, anka san inda yat taɓa riƙo. Ba ni son sabon hannu, ɗan gaggawa mai surutu cikin waya. Ƙasa ba babur ta ba da za a ba yaro shi koyi tuƙi da ita."

"Dattijan da kunka daɗe kuna zaɓe, mi sunka aje muna?"

"Ko ba su aje komi ba, ba su sai da gidan ba. Ni abin da nika so ga shugaba kaɗan na. Shi bar cin bashi da sunan jikokina, shi bar taɓa abin da yat tarar yana aiki. Na jiha kuma shi yashe muna hanyar ruwa, shi kawo taki kahin shuka ba bayan girbi ba, shi tsare daji mutum shi kai ga gonatai. In an yi wanga, sauran mu ka yi ma kanmu."

"Makaranta hwa? Asibiti hwa?"

"A gyara waɗanda aka da su. Amma a ce za a kahwa hitilu bisa titi, a yi shataletale da ruwa na tsiri? Wa za shi ci hitila?"

"Kai ka buƙatar ta, Tsoho. Ran nan da magariba ka gai da turmi, ka ce mai ina gajiya."

"Turmin ya hi mijinki na Maradun amsa gaisuwa."

Na sunkuyar da kai cikin faranti don kada ya ga ina dariya. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, idonsa na kan hijabin nan.

"Saƙona ya iske ki?"

"Ya iske ni."

"Gabanai anka ba ki?"

"Gabanai. Har ya shinshina turaren yac ce na masu ƙaramin ƙarhi na."

"Baƙin ciki na. Shi mi yat taɓa sai miki, ban da rake? Nuna min in ga aikin lallena."

Jidda ta fito da hannuwa ta shimfiɗa su a kan gwiwa. Lalle ya kama ja wur, har ya yi duhu a kan yatsu. Baba ya washe baki, ya dube ni don in shaida.

"Kin gani, Hindu? Macen da tas sa lallen mutum, ƙuri'atta ta wa ta?"

"Ta ba kowa," in ji Jidda. "Ba ka ji sanarwa ga rediyo ba? An ce mata su bar ƙunshi sai bayan zaɓe, don na'urar tantancewa ba ta son yatsa mai lalle. Kai kuwa kas sai shi, kab biya mota, ka aiko min shi ana sauran kwanaki. Ni mai biyayya ta, miji ya aiko, sai in ƙi sawa?"

Bakin Baba ya rufe a hankali. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Mutumin da ya hana kansa barci a kan ƙuri'a guda, ga shi da hannunsa ya rina ta.

"A wanke," ya ce. "Hindu, kawo toka da lemun tsami."

"Baba, lalle ne fa," na ce. "Sai dai ya gaji ya fita da kansa."

"A goge da dutsen ƙahwa."

"Sai ka goge har da zanen yatsan," in ji Jidda, "in koma kamar kai, da hauya tac cinye naka, kowane zaɓe sai an shahwa ma yawu ana dannawa."

"Makircin Mas'ud na. Shi yas sa anka ƙunsa miki da wuri don ya san ba shi za ki bi ba."

"Kai dai ba ka iya zargi ba. Duba nan."

Ashe duk wannan lokaci babban yatsanta na dama yana naɗe cikin tafin hannu. Ta ɗago shi. Fari tas, ko ɗigon lalle babu.

"Da za a ƙunsa min, shi yac ce a naɗe wanga da tsumma a bar shi. Yac ce tsohon Bakura kishi ya ruhe mai ido, bai tuna da na'ura ba."

Na ɗauka Baba zai yi murna. Ina! Fuskarsa ta ƙara haɗewa.

"To shi ke nan, ya saye ki. Yatsa tara nawa na ado, guda nashi na aiki. Tashi ki koma mai, ki dangwala inda yac ce."

"Bai ce ko'ina ba."

"Ƙarya kika yi. Mas'ud da ba shi iya ganin akuya ta wuce bai ba ta shawara ba?"

Jidda ta daina dariya. Ta mai da hannuwanta cikin hijabi.

"Tsoho, ka san rumfar zaɓenai tana ƙauyensu, can bayan Dosara. Tun da ɓarayin daji sunka tashe su ba wanda yak koma. Ɗakin aro shika kwana cikin Maradun, gonatai ta zama daji, hatsi ma awo shikai da kwano. Ba shi da inda za shi jehwa ƙuri'a bana. Yac ce in kawo ma yatsan ga. Yac ce kai ka da sauran gona, kai kas san abin da ka ci ma manomi rai, in saurare ka da kyau in jehwa muku ku biyu."

Baba ya ɗauki butar da ya ture ya mai da ita wurinta, ya sake ɗauka ya ajiye. Tare suka yi tashen samartaka da Malam Mas'ud, kuma na sha jin Baba da bakinsa yana cewa duk yankin nan ba mai dawa irin tasa.

"Haka yac ce? Ni nis sani?"

"Haka yac ce. Amma ni ban yi alkawari ba. In na shiga bayan labule, daga ni sai yatsana."

"Ja'ira. Mu biyu mun haɗa baki, ke kuma kin hi mu wayo?"

"Ku biyun in an haɗa haƙoranku ba su cika baki guda."

Nan dariya ta ƙwace masa, har da tari. Da ya lafa sai ya share ido da bakin rawani ya juyo wurina.

"Hindu, gobe da sahe a hidda buhun shinkahwa daga ɗaki, ta bana, a ba direban nan shi kai Maradun."

"In ce daga wa, Baba?"

"Ki ce daga mijin Jidda na gaskiya. Kuma a hwaɗa mai ba tausai na ba, ladan gadin yatsa na." Sai ya ƙara da cewa, "A ce mai kuma na karɓi gaisuwar."