Buhun Albasa a Kan Kyamara

Ba zan taɓa mantawa da makon da na zama masanin kyamara a garinmu ba, ko da kuwa na so mantawa, don mutanen gari sun ɗauki alkawarin tuna mini har in koma ga Allah.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen titin Jega zuwa Maiyama. Daga kwalta zuwa cikin garinmu akwai hanyar ƙasa, kuma wannan hanya ita ce ciwon kanmu tun ina yaro. Da rani ramuka, da damina taɓo. Albasar da muka ajiye don ta yi tsada sai ta ruɓe muna kallo, saboda babu direban da zai yarda ya shigo da motarsa. Surukina, Alhaji Ɗandare (Allah ya yafe mini kama sunansa, a gida Baba nake ce masa), shi ne ya fi kowa damuwa. Yana da tsohuwar motar ɗaukar albasa, kuma ya yi shekaru yana zirga-zirga Birnin Kebbi da takardar roƙo a aljihu. Wa ke rubuta takardun? Ni. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Wata Litinin da safe, lokacin da ake tsakiyar cire albasa, aka wayi gari da wani dogon ƙarfe a kafe daidai mahaɗar hanyarmu da kwalta. A samansa akwai ɗan akwati mai ido ɗaya, da farantin sola, an ɗaure shi da sarƙa. Kafin hantsi rabin gari ya taru daga nesa, aka aiko a kira ni, saboda na taɓa yin wata huɗu a Abuja wajen wani ɗan uwana (wata huɗun nan na fi shekara goma ina ba da labarinsu).

"Malam, mi na na wanga abu?" in ji Baba.

Amsa ta gaskiya ita ce ban sani ba. Amma ina tsaye gaban surukina, ga jama'a sun zuba mini ido, ga kuma babur ɗina da ba shi da lamba, takardunsa sun ƙare tun kafin a yaye ɗiyata ta biyu. Sai bakina ya buɗe da kansa.

"Baba, wannan irin ta Abuja ce. Tana ɗaukar hoton duk wanda ya yi lodi fiye da ƙa'ida, da duk babur marar lamba. Tara za ta biyo mutum har gida. Wanda ya kasa biya a ƙwace abin hawansa."

Jama'a suka fara kallon juna. Ku gane, a garinmu babu motar da ke fita da lodin ƙa'ida, buhu ake ɗorawa har sai taya ta yi kuka. Babura masu lamba kuwa ba su wuce na limamin Juma'a da na mai shagon magani ba.

Na hango wata farar takarda a manne jikin ƙarfen. Wani manomi ya ce in matsa in karanta musu. Na daka masa tsawa na ce ai dabararsu ke nan, kana matsawa ta ɗauki fuskarka. Na kuma kafa doka a makaranta: duk ɗalibin da aka gani kusa da ƙarfen nan, bulala shida.

Sai aka ce to yaya za a yi? Ni dai na sake ba da shawara. Akwai burtalin shanu da ke bi ta bayan gari ya ɓulla kwalta can ƙasa, inda idon kyamara ba ya kaiwa. Daga ranar garinmu kaf ya koma bin burtali. Babura, amalanke, motocin fasinja, har masu keke. Makiyaya suna tsayawa da sandunansu a kafaɗa suna kallonmu, wani dattijo daga cikinsu ya tambaye ni ko mun sayar da hanyar tamu ne. Na yi masa murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba.

Kwana uku muna haka. Matsalar ita ce manyan motoci ba sa iya bin burtali, yashi ya yi yawa. Motar Baba ta gwada, ta kafe, sai da aka sauke buhuna aka tura. Ga ranar kasuwa ta matso, ga dillalan Aliero suna ta bugo waya. Da na je gaishe da Baba sai ya ce, "Malam, ku da kunka yi boko, ba wata dabara?"

Kaico! Da ya sani da bai tambaya ba.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na ɗauki buhun albasa da igiya. Na tsaya ina tunanin yadda zan ɓoye fuskata, sai idona ya faɗa kan gyalen matata Luba, wani kore mai zanen furanni. Na fizgo shi. Ta ce ina zan kai mata gyale, na ce aikin gari ne, mata ba za su gane ba (ta gane daga baya, kuma har yau ba ta gama dariya ba).

Na isa mahaɗa. Na zagaya ta bayan ƙarfen, na jingina babur, na hau kan sirdi, na naɗe kaina da gyale ido kawai a waje. Duk motar da ta wuce a kwalta sai in ji kamar ta 'yan sanda ce. Buhun ya ƙi shiga, farantin sola ya tare shi. Dole na leƙo ta gaba don in ga inda ya maƙale. Babur ya motsa, na rungume ƙarfen, gyale ya zame. Na yi maza na cusa buhun, na ɗaure, na gudu. Na ce a raina ai daƙiƙa ɗaya ce, me za ta gani?

A ranar motoci suka yi ta fita ta hanya da lodi har sama. Direbobi suna ɗaga mini hannu. An aiko mini da kaza. Bayan kwana huɗu wasu mutane suka zo suka kwance ƙarfensu suka tafi, na ce wa jama'a sun ga ba riba ne.

Mako biyu bayan nan, ina cikin aji, aka ce Mai Gari na kira, baƙi sun zo daga Birnin Kebbi, kuma an ce lalle in zo. Alli ya faɗi daga hannuna. Tun daga makaranta har zaure ina karanta duk addu'ar da na sani, ina tunanin wa zai kula da Luba da yara idan aka tafi da ni.

Zauren ya cika maƙil. Mai Gari na zaune, Baba na gefensa. A gabansu wata mata ce da kwamfuta a cinya, aka ce injiniya ce daga masu aikin hanyoyi. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce an faɗa mata ni ne mai rubuta takardun roƙo. Na ce ƙwarai, na ɗan ji sanyi.

Ta ce saboda takardun nan ne aka sa hanyarmu cikin waɗanda za a duba. Ba za a iya gyara duka a shekara ɗaya ba, don haka ake kafa kyamara ta mako guda a kowace mahaɗa. Ba ruwanta da lamba, ba ruwanta da lodi, ba ta cin tarar kowa. Ƙirga abin hawa kawai take yi: manyan motoci nawa, ƙanana nawa, babura nawa, da lokacin da suka fi yawa. Hanyar da aka ga ta fi ɗaukar kaya ita ake fara yi.

Na fara neman ƙofar zaure da ido.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Mai Gari, "takardarku ta ce motoci ba sa yankewa a hanyar nan. Amma kwana uku na farko abin da muka gani jakuna ne, da mata masu itace, da babur biyu. Sauran kwana huɗun kuma duhu ne. Na zo ne in fahimci abin da ya faru, don mun manna bayani a jikin ƙarfen, da Turanci da Hausa."

Babu wanda ya kalle ni. Wallahi da sun kalle ni da ya fi mini sauƙi.

Ta juyo da kwamfutar. Ga mahaɗarmu da sassafe. Sai hoton ya girgiza, wani koren abu mai furanni ya leƙo daga gefe, ido biyu suna zazzarewa.

Baba ya matso da kansa, ya gyara tabarau. A hankali ya ce, "Wanga gyale na Luba na. Ni na sawo mata shi Makka."

Bai rufe baki ba gyalen ya zame. Fuskata ta cika allon gaba ɗaya, hancina ya yi girman albasar Aliero, harshe a waje, ina nishi. Sannan duhu.

Wani ya fara tari, wani ya fita waje da gudu, na jiyo dariyarsa daga bayan katanga. Mai Gari ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya tambayi injiniyar ko za a iya dawo da kyamarar. Ta ce an riga an kai ta wani yanki, an kuma rufe lissafin bana, aikin ya tafi wata hanyar. Za ta rubuta abin da ya faru, wataƙila baɗi, amma ba ta yi alkawari ba.

Damina ta sauka. Motar Baba ta kafe a ramin da ta saba kafewa, da albasa a ciki, ni ne na farko da ya tuɓe takalmi ya shiga taɓo. Har yau bai faɗa mini baƙar magana ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi bulala zafi. Abin da ya yi kawai, bayan mun fito da motar, ya zaro biro da farar takarda daga aljihu ya miƙo mini.

"Malam, a sake rubutawa. Ka sa musu duk yadda anka yi. Har da gyalen."

Na rubuta, har da gyalen. Na kuma yi wa babur ɗina lamba. Yanzu a gari Malam Gyale ake kirana, har ɗalibaina idan sun ɗauka ba na ji. Na koyi kalmomi uku da ban koya ba a wata huɗun Abuja: ban sani ba. Kuma duk takardar da na gani a manne, ko ta mai maganin basir ce, sai na matsa na karanta ta tun daga sama har ƙasa.